Allon Kwamfutarka, Ni Na Taɓa Shi

Safana.

Zuwa ga ɗana Sada,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Katsina lafiya, ba wanda ya tare ku a hanya. Direban a-kori-kura ya ce ya aje ka a tasha, amma hankalin uwarka bai kwanta ba sai da ta ji muryarka. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin gari, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Yayarka Hajara ce ke riƙe da biro, tunda ka san ni ban taɓa zama bencin boko ba. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ɗaya. In ka ga wuri ya karkace, ni ne, ba ita ba.

Labarin gida babu, kuma ba shi ya sa na zaunar da ita ba.

Na ji ka gaya wa uwarka cewa ran Litinin, da zarar Bishir ya dawo daga Kano, za ka shiga shagonsa ka dire masa allon kwamfutar nan da ya sayar maka, wanda kuke kira madabod, ka ce masa a gaban jama'a ya cuce ka, ya aiko maka tsohon kaya. Bishir ɗin nan da ya ce in ka harhaɗa kwamfuta da hannunka ka kai masa ya gani, zai ɗauke ka aiki. To, kada ka yi. Bai cuce ka ba. Lafiyayye ya aiko allon nan. Ni na taɓa shi.

Sau uku na ɗauki waya in gaya maka, bakina ya ƙi. Shi ya sa takarda. Ka yi fushi in za ka yi, amma ka bari in kai ƙarshe tukuna. Daga nesa zan faro, kuma ba wanda zai hanzarta ni.

Ka san na raina sana'ar nan taka. Na ce wasan yara ne. Har gobe ma ina ganin abin kunya ne ƙato mai gemu ya yini yana danne-danne yana ihu shi kaɗai, ga gona tana jiran hannu. Wannan ban janye ba. Amma injin, Sada, injin da ke bayan wasan! Tun ranar da ka goya ni a babur zuwa Batsari, gidan gem ɗin nan na wasan kwamfuta da mai shi ya kira ka ka harhaɗa masa sabuwar kwamfuta, ban sake zama yadda nake ba. Ni fa rakiya na je, da niyyar in wuce kasuwa in duba farashin taki. Ban je kasuwar ba.

Da ka zaro allon daga ledarsa ka ɗora kan kwali, sai na ga kamar mutum ya hau dutse ya leƙo gari. Ga tituna sirara, sun fi gashin kai siranta, kowane ya san inda ya nufa, babu wanda ya hau kan wani. Ga gidaje, ga rumbuna a jere, ga fili a tsakiya kamar ƙofar fada. Na ce maka, "Wane ne ya zauna ya zana wannan?" Ka ce, "Baba, wannan saman ne kawai kake gani. A cikin kaurinsa akwai wasu hanyoyin hawa-hawa." Abin da bai kai kaurin faifai ba! Na yi salati a fili, har mai gidan gem ya yi dariya. Bai san shekara nawa na yi ina kwance inji ina ɗaurawa ba, shi ya sa.

Na tsaya a kanka ina kallo. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki komai, ka ce jikin mutum ma yana da wutar da za ta iya kashe abin. Ka saka ƙwaƙwalwar kwamfutar a gurbinta na jikin allon a hankali kamar mai aje ƙwai. Ka ɗiga mata wani man toka-toka, bai fi ƙwayar wake ba, ka ɗora mata fanka. Da ka danna, sai fankoki suka ɗauka gaba ɗaya babu ƙara, babu hayaƙi, babu warin gas. Can sai ga 'yan ƙwallo a gilashi, gumi na bin wuyansu, ciyawa na kwantawa inda suka taka, inuwar kowa na bin sa. Ka ce ba hoto ba ne aka ɗauka, lissafi abin ke yi yana haifar da su nan take, sau da yawa kafin in ƙifta ido. Allah Mai iko. Shi Ya ba ɗan Adam wannan basira, kuma ni Ya bar ni da rai na gani.

Sai mai gidan ya ce, "Sada, a ɗan ƙara mata gudu mana, yaran nan sun ce ta Katsina ta fi wannan." Ka shiga wani shafi mai lambobi, ka ce za ka sa ƙwaƙwalwar ta yi gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka yanka mata. Ka faɗi sunan abin da Turanci, obakulok ko me. Ni kuwa na ce, "Kai, ai gwamna kake kwancewa!" Kuka yi dariya ku duka. Ni ban yi ba, don na taɓa kwance gwamna, kuma na san abin da ya biyo baya.

Kana goye lokacin, ba za ka tuna ba. A Runka ne, tun kafin rashin tsaro ya tashe mu. Ni kaɗai ke da injin niƙa a unguwarmu, sai Tanimu ya zo ya kafa nasa daidai ƙofar nawa. Duk faɗin Runka bai ga wuri ba sai nan. Wannan ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Mata suka fara raba ƙorai, rabi wajena rabi wajensa. Na ce sai nawa ya fi nasa sauri.

A jikin injin akwai wani ƙarfe mai sifirin, shi ne gwamna, shi ke hana inji wuce gudun da aka yanka masa. Na kira Audu makanike, mutumin Dutsin-Ma da ke zagayo mu da jakar sufanu a bayan keke, na ce ya sake mini shi. Audu ya zagaya injin, ya buga gindin simintin da ƙafa, ya leƙa durom ɗin ruwan da ke sanyaya shi, ya ce, "Malam Mamman, ba don ado aka sa gwamna ba. Zan iya ƙara maka kaɗan. Amma sai ka fasa gindin nan ka sake zuba mai kauri, ka samo durom babba. In ba haka ba, gudun zai samu, wurin zamansa ne babu."

Na ce, "Audu, ni za ka koya wa injina? Da shi nake kwana da shi nake tashi."

Ya ce, "To, ai shi ke nan. Injinka ne." Ya ɗaure jakarsa.

Yana ba da baya na samo waya na ɗaure sifirin ɗin da kaina, tamau, a tashi ɗaya. Wallahi Sada, ranar na ji daɗi. Injin ya riƙa kuka kamar zai tashi sama. Kafin Tanimu ya gama ƙwarya ɗaya na gama biyu. Mata suna cewa garin yana fitowa da zafi, tuwon yana warin ƙauri, na ce su je su koyi tuƙi. Ruwan durom yana tafasa, na ce ai ƙarfi ne. Notuna suna kwancewa, ina ɗaurewa. Duk injin yana gaya mini, ni ina kallon ƙofar Tanimu. Bai kai sati biyu ba, wata hantsi gindin ya tsage, injin ya karkace, bel ya tsinke ya tafi ya fasa ƙwaryar wata mata, sai na ji ƙau a ciki. Ya buga. Shiru ya sauka a unguwar, sai kukan injin Tanimu, tuk-tuk-tuk, a hankali kamar kullum. Tanimu ya leƙo yana goge hannu ya ce, "Malam Mamman, yau jirgin naku bai tashi ba ne?"

Saboda haka ka ji ni. A Batsari na ga yadda ka yi, kuma ya yi mini. Ka ƙara kaɗan, ka bar ta tana aiki, kana kallon lambar zafi. Ka sake ƙara kaɗan. Da hoton ya daskare sai ka koma baya taki ɗaya, ka ce nan ne iyakarta. To, a Katsina za ka samu masu matsa maka, 'ya'yan masu hali da ba su taɓa gyara ko tocila ba, su ce ta wane ta fi gudu. Kada idonka ya bar lambar zafin nan ya koma kan ƙofar wani. Komawa baya taki ɗaya ba abin kunya ba ne. Ni da na ƙi komawa, damina guda na yi ina kallon mata suna wuce ni da ƙorai.

Kuma ka lura, injina ba shi da laifi. Kan injin mai kyau ne. Gindin da na ɗora shi a kai ne bai iya ɗaukar gudun ba. Shi ya sa ranar da kake zaɓar naka allon a waya, kana ta jujjuya hotuna kana magana kai kaɗai, na kasa kunne ko da yake na yi kamar ina gyaran rediyo. Na ji ka ce gurbin allo sai ya dace da ƙwaƙwalwar, in ba haka ba ko shiga ba za ta yi ba. Na ji ka ce akwai allon da masu shi suka kulle, ba ya yarda a ƙara gudu ko kaɗan. Sannan ka nuna wa uwarka, ita da ba ta tambaye ka ba, wasu 'yan baƙaƙen tubala da suka kewaye gurbin, ka ce su ke auna wa ƙwaƙwalwa wuta, in sun yi kaɗan ko babu ƙarfe mai kauri a kansu da zai sha zafi, to in aka ƙara gudu su ne za su fara gazawa. Na ce a raina, gindin siminti ke nan da durom. Maganar Audu ce ta dawo a bakin ɗana.

To, ka riƙe wannan a shagon mutane. Wanda ya zo ya ce zai ƙara gudu, kada ka bar shi ya zuba duk ƙarfinsa a ƙwaƙwalwa da katin nan da ke fitar da hoto a gilashi, ya tsinto allo mai araha ya ɗora su a kai. Ka ɗauki allon a hannu ka ji nauyinsa. Ka duba tubalan nan. Ka tambaye shi irin fankar da zai sa, da akwatin da ke ba su wuta, da ko ɗakinsa na shan iska, don zafin garinmu ba irin na inda aka ƙera abin ba ne. Fitilun nan masu ja da kore da suke so, a sa musu in suna so, amma fitila ba ta ɗaukar kaya. Injina na biyu saboda sabon fenti na saye shi, koren fenti mai sheƙi, ciki kuwa duk ya cinye. Wanda ya sayar mini yana nan da rai a Babban Duhu, in mun haɗu a jana'iza muna gaisawa, iyakarta ke nan. In mai saye ya ƙi jin maganarka, ka gaya masa gaskiya sau ɗaya a fili, kada ka yi masa abin da ka san zai ƙone.

Yanzu ga wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hajara ta aje biro tana kallona, na ce ta ɗauka.

Da injin nan ya buga, ban ce ni ne ba. Na kwance wayar na jefa a masai. Ranar kasuwa na tare Audu a gaban mahauta da masu hatsi, na ce shi ya sa mini jabun kaya a gyaran baya, shi ya kashe mini inji. Na ɗaga murya sosai, don mai gaskiya nake so a ɗauke ni. Audu ya dube ni. Ya san abin da na yi, ai makanike ne. Bai tona ni ba. Ya ce, "Allah Ya isar wa mai gaskiya, Malam Mamman," ya tura kekensa. Daga ranar masu injin ban-ruwa da masu niƙa na yankinmu suka daina kiransa. Bai sake shigowa Runka ba. Na yi ta cewa wata rana zan je Dutsin-Ma in same shi. Ina cikin wata rana, wata rana, aka ce ya rasu. Ban je gaisuwa ba, don ban san da wace fuska zan shiga gidan ba. Tanimu ya yi mini ba'a, mai fenti ya cuce ni, waɗanda suka tashe mu daga gonakinmu Allah Ya isa, duk ina da bakin magana a kansu. Audu kaɗai ne in na tuna shi nake rasa inda zan sa kaina.

Allonka kuwa, ga yadda aka yi. Ranar da ya iso, ka aje kwalin a kan gadonka ka tafi karɓo man nan na toka-toka wajen abokinka. Da azahar ne, uwarka na maƙwabta. Ka ce mini, "Baba, don Allah kada kowa ya taɓa." Na ce, "Wa zai taɓa maka tarkacenka?" Kana fita na shiga. Kallo kawai na yi niyya, Allah Shi ne shaida. Naka ya ma fi na Batsari kyau, baƙi wuluk, da nauyi, ƙarafan kansa kamar an sassaƙa. A tsakiya akwai baƙin murfi a kan gurbin. A Batsari ban samu na ga cikinsa da kyau ba, kanka ya tare. Na ɗaga ɗan ƙarfen gefen yadda na ga ka yi, murfin ya buɗe.

Sada, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙananan allurai ruwan zinariya, sun fi ƙarfin ƙirgata, duk tsayi ɗaya, duk sun karkata gefe guda kamar shukar gero da iska ta bi ta kanta. Na kai shi bakin ƙofa wajen haske, suna walƙiya. Na ce, yanzu ta kowace ɗaya a nan magana ke wucewa? To, ka san ni. Shekara arba'in ina murza gari tsakanin yatsu in san laushinsa. Ban yarda na san abu ba sai babban yatsana ya ji shi. Hannun ya riga ni. Na ɗora, na ɗan murza, sau ɗaya tak. Laushi na ji, kamar gashin jariri. Da na ɗaga, sai na ga wuri guda ya canza sheƙi, alluran sun kwanta ba yadda 'yan'uwansu suke ba.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Na ɗauko allurar ɗinkin uwarka na ce zan tashe su. Da idon nan nawa da ba ya ganin zare. Na ƙara kwantar da wasu, ɗaya kuma ina jin ta karye. Na mayar da murfin, na rufe kwalin, na fita na zauna a kan tabarma ina jan carbi kamar mutumin kirki.

Washegari ina zaune ka harhaɗa komai. Ka danna, fankoki suka juya suka tsaya, wata 'yar jar fitila ta kama. Ka sake, haka. Ka kwance, ka haska gurbin da wayarka, na ga fuskarka ta canza. Noman damina biyu ka zuba a abin nan. Ka ce, "Baba, ka gani? Wanda wani ya lalata ya mayar masa, shi ya aiko mini, don yana ganin ɗan ƙauye ne ni." Ni kuma, maimakon in buɗe baki, sai na ce, "Ai mutanen birni sai a hankali." Kalmar nan ta fi murzar yatsan muni. Ina faɗinta na ji muryata ta kasuwar Runka.

Tsufa bai gyara ni ba, ka gani. Amma kai ba za ka tsaya gaban mutum ka zarge shi da abin da ubanka ya yi ba, ba da raina ba. In ka yi, ka rasa aikin, wannan ɗaya. Na biyu, masu saye za su ji, su tafi da maganar, kuma magana irin wannan ba ta dawowa ko an gano gaskiya daga baya. Na gwada, na sani. Nan gaba ma a sana'arka, duk ranar da abu ya ƙone a hannunka, ka fara bincikar hannunka kafin ka nemi sunan wani. In kai ne, ka faɗa tun abin yana da zafi. In ya huce, bakin ba ya buɗuwa.

Ran Litinin ka yi wanka ka sa rigar kirki, ka je ka gaishe da Bishir yadda ake gaishe da maigida. Ka nuna masa allon, ka tambaye shi ko alluran na tasuwa, wataƙila yana da gilashin ƙara gani da hannun da ya fi nawa. In ba su tasuwa, maganar wani allon tsakanina da kai ce, ba ruwansa. Ka roƙe shi ya ba ka wata kwamfutar a shagon ka harhaɗa a gabansa, ya ga hannunka. Na ga hannun nan yana aiki, ban ji tsoron a gwada shi ba.

Amma kada ka ce masa komai game da wanda ya taɓa, sai na iso. Na riga na gaya wa direban a-kori-kura ya aje mini gaba ran Litinin da safe. Uwarka ta ce hanya ba kyau, ga ƙafata, in bari takarda ta wadatar. Hajara ma ta sa baki. Na ce su rabu da ni. Ko ba ka furta masa ba, ka riga ka zagi mutumin nan a gidana kuma na taya ka, saboda haka da bakina zan gaya masa, a shagonsa, a gaban duk wanda ke wurin. Ban taɓa ba wani haƙuri a gaban jama'a ba tun da aka haife ni, ban san ma yadda ake farawa ba. Ka jira ni a tasha, ka riƙe mini sanda in na sauka. Kai ma ka yafe mini, ɗana. Sau ɗaya zan faɗa, ka ji shi da kyau.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare hanyar da zan biyo, Ya sa mu haɗu cikin aminci. Allah Ya yi wa hannunka albarka, Ya jiƙan Audu, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka ɓoye. Amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Mamman mai inji.